Marigayi Janar Murtala Muhammad da Rikicin Angola

An haifi Murtala a birnin Kano a 1938, ya yi karatu a Zariya, ya shiga soja, ya zama Shugaban Ƙasa a 1975. A shekarar nan Turawan Fotugal suka saki Angola, sai manyan ƙasashe suka rabu biyu: Amurka da Afirka ta Kudu suna bayan UNITA, Rasha da Kuba suna bayan MPLA. Ganin sojojin gwamnatin wariyar launin fata sun kutsa ƙasar, sai ya amince da gwamnatin MPLA. Shugaba Ford na Amurka ya aiko da wasiƙa, Murtala bai tanƙwaru ba. Dama Musulunci ya hana taimakon azzalumi. An kashe shi a Ikko ran Juma'a, 13 ga Fabrairu 1976. Allah ya jiƙansa, amin.