Tarihin W. Edwards Deming, mutumin da ya ce a binciki tsari kafin a kama ma'aikaci

A ranar 20 ga Disamba 1993 wani tsoho ɗan Amurka mai shekara 93 ya rasu a gidansa da ke Washington. Kwanaki kaɗan kafin nan yana kan keken guragu yana koyar da manajojin kamfanoni. Sunansa William Edwards Deming. Na san da yawa cikin masu karatu ba su taɓa jin sunan ba. Ni ma sai da na gama makarantar horon malamai, na fara koyarwa a Nano kusa da Dapaong, sannan na ci karo da tarihinsa. Amma in ka taɓa jin direbobin tashar Sokodé suna yabon ƙarkon motar Japan, to mutumin nan yana da hannu a abin da suke yabo.

An haife shi ranar 14 ga Oktoba 1900 a Sioux City, jihar Iowa, ya tashi a Powell ta jihar Wyoming cikin talauci, a ɗan gidan da aka lulluɓe da takardar kwalta. Da shara da goge-goge ya riƙe kansa a Jami'ar Wyoming har ya gama karatun injiniyan lantarki a 1921, ya kuma samu digirin digirgir a Yale a 1928.

Lokacin hutu ya yi aiki a masana'antar Hawthorne ta kamfanin Western Electric a Chicago, inda ake biyan ma'aikata gwargwadon yawan abin da suka ƙera. A 1927 aka haɗa shi da Walter Shewhart, wanda tun 1924 ya fito da taswirar sa ido kan aiki. Abin da Shewhart ya gano shi ne babu aikin da ke fitowa iri ɗaya kullum. Ƙosan mai ƙosai ma wani ya fi wani girma, alhali hannu ɗaya ne. Bambancin iri biyu ne. Akwai wanda tsarin aikin kansa ke haifarwa yau da gobe, akwai kuma na wani dalili na musamman, kamar lalacewar inji. A taswirar ana ja layin matsakaici, da iyaka a sama da ƙasa waɗanda ake lissafowa daga alƙaluman aikin. Abin da ya tsallake iyaka shi ake bi a nemi dalilinsa. Abin da ke kai-komo a tsakani kuwa, sai an sauya tsarin zai ragu.

Deming ya ɗauki wannan ilimi ya shiga duniya da shi. Ya yi aiki a ƙidayar jama'ar Amurka ta 1940, ya koyar da injiniyoyi lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Da aka gama yaƙi, kasuwa ta buɗe, komai aka ƙera sai ya shige, sai masu kamfanonin Amurka suka yi watsi da darasin.

Japan kuwa tana kwance, ana yi wa kayanta kallon na banza. Deming ya je can a 1947 kan shirin ƙidaya, sannan a 1950 ƙungiyar masana kimiyya da injiniyoyin ƙasar ta gayyace shi. Wannan karon bai tsaya kan injiniyoyi ba, ya zauna da shugabannin kamfanoni da kansu. Ya nuna musu cewa in inganci ya ƙaru, ɓarna da maimaita aiki za su ragu, farashi ya sauka, kasuwa ta zo. Kuɗin littafin laccocinsa ya bar wa ƙungiyar, da su aka kafa Lambar Deming a 1951, wadda Toyota ta ci a 1965. A 1960 Sarki Hirohito ya karrama shi. Gaskiya dai ba shi kaɗai ya ɗaga Japan ba, akwai Joseph Juran da Kaoru Ishikawa, da su kansu Japanawan da suka yi gumin.

A gida kuwa sai 1980, yana dab da shekara 80, wani shirin talabijin na NBC ya sa aka waiwaye shi. Kamfanin Ford, da ke tafka asara, ya kira shi a 1981. A 1986 ribar Ford ta wuce ta General Motors, a shekarar kuma littafinsa Out of the Crisis ya fito.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne wasan da yake yi a tarurrukansa. Zai kawo ƙwayoyi irin na carbi guda 4,000, farare 3,200, jajaye 800. Sai ya ɗauki ma'aikata daga cikin mahalarta, ya ba su ɗan allo mai ramuka 50, ya ce farare kaɗai yake so. Duk wanda ya ɗebo, jajaye sai sun biyo, wajen 10 a matsakaici, yau 6 gobe 14. Shi kuma ya yabi mai kaɗan, ya yi wa mai yawa faɗa, har ya kore shi. Mutane na dariya, amma kowa ya gane jajayen nan tun farko suna cikin kwano, kuma mai kwanon ne kaɗai zai iya tsince su. A ƙiyasinsa, kashi 94 cikin 100 na matsalolin wurin aiki daga tsari suke, wato alhakin shugabanni.

Da na karanta wannan, wallahi kunya ta kama ni. Kullum da safe ina tsayawa bakin aji ina sa masu latti durƙuso. Ranar da suka yi kaɗan in ce horo ya yi aiki, ranar da suka yi yawa in ƙara zafi. Sai na ajiye horon, na soma rubuta adadinsu a bayan rajista har mako shida. Adadin yana hawa da sauka ne cikin iyaka ɗaya, kamar dai lokacin da nake horon. Ranar kasuwa ce kawai yake tsallakewa. Da na duba sunaye, yawanci 'yan mata ne da ke bin layin famfo kafin su taho. Ka ga ashe layin famfo nake sa wa durƙuso. Muka zauna da iyaye, wasu gidaje suka koma ɗiban ruwa da yamma, latti ya ragu. Na ranar kasuwa kam har yau muna fama.

Ba duk maganarsa na iya bi ba. Ya ƙi jinin jera mutane daga na ɗaya zuwa na ƙarshe, mu kuwa a lakwal ɗinmu iyaye wannan lambar suke fara tambaya bayan kowace jarrabawa. Amma yanzu in yaro ya sauko daga na 5 zuwa na 9, ba na kiran ubansa sai na duba makinsa na watanni.

'Yarsa ta ba da labarin cewa ko ƙwan da ke firjin gidansu yakan rubuta wa kwanan wata, don a fara cin wanda ya daɗe. Ke mai shago, kai tela, kai mai gidan burodi, abin da ake buƙata bai wuce littafi da biro ba. Ka rubuta burodin da ya ƙone ko ɗinkin da aka dawo da shi kullum har wata guda, kafin ka sallami yaron shagonka. Allah Ya sa mu yi wa na ƙasa da mu adalci.