William Alexander Smith, Uban Ƙungiyar Boys' Brigade

A ikkilisiyoyi da yawa na Orozo, da maƙwabtanta Karu da Karshi da Nyanya, ranar biki ba ta cika sai an ji ganga da kakakin 'yan Birged. Iyaye kan tsaya suna kallon 'ya'yansu cikin sahu, amma kaɗan ne suka san mutumin da ya fara wannan aiki, da kuma abin da ya fi damunsa: wane irin babba ne za a damƙa wa yara?

An haifi William Alexander Smith a ranar 27 ga Oktoba, 1854, kusa da garin Thurso a arewacin ƙasar Sikotlan. Mahaifinsa ya rasu a ƙasar Sin tun William yana ɗan shekara 13. Sai kawunsa ya ɗauke shi zuwa birnin Gilasgo, ya sa shi a kasuwancinsa na tufafi. A shekarar 1874 ya shiga rundunar sojan sa-kai, a wannan shekara kuma ya ji wa'azin mai bishara D. L. Moody, ya miƙa kansa ga hidimar Ubangiji, har ya zama malamin makarantar Lahadi a unguwar North Woodside, inda 'ya'yan ma'aikata suka yi yawa.

A nan ne ya gamu da abin da ya canja rayuwarsa. Ran Asabar yakan ba manyan maza umarni a filin fareti, su bi shi ba gardama. Ran Lahadi kuwa 'yan samari ƙalilan sukan gagare shi. Lokacin darasi yakan ƙare wajen tsawatarwa, da zarar sun fara tasawa kuma sai su daina zuwa. Da ya yi nazari sai ya ga ashe shi kansa an horar da shi shekara da shekaru kafin a ba shi jagorancin soja, amma ba wanda ya koya masa yadda ake riƙe aji. Himma tana nan, sanin hanya ne babu.

Saboda haka ya nemi abokansa biyu, 'yan'uwan juna, James da John Hill, waɗanda su ma malaman makarantar Lahadi ne kuma sojan sa-kai. Su uku suka yi addu'a, suka tsara dokoki, kana a ranar 4 ga Oktoba, 1883, suka buɗe rukuni na farko da yara 28. Alamar ƙungiyar ita ce anka, wato ƙarfen da ke riƙe jirgin ruwa don kada igiyar ruwa ta tafi da shi, an kuwa samo ta daga Ibraniyawa 6:19. Kayan sarki ba su wuce hula da ɗamara da farar jaka ba, domin kada talauci ya hana wani yaro shiga.

Smith bai ɗauki fareti a matsayin maƙasudi ba. Hanya ce ta koya wa yaro biyayya da kiyaye lokaci da mutunta kai, ajin Littafi Mai Tsarki kuwa shi ne ginshiƙi. Kowane rukuni yana ƙarƙashin ikkilisiya, ita ce kuma ke tsayar da waɗanda za su zama hafsoshi, gama ita ta san halinsu. Ya so hafsa ya san kowane yaro da sunansa, ya san gidansu, ya riga yaran zuwa, ya shirya darasinsa. Shi da matarsa Amelia sukan gayyaci yaran gidansu. A shekarar 1886 ya kai su zango na farko a bakin teku a Tighnabruaich, ko da yake iyaye da yawa sun ji tsoron barin 'ya'yansu su kwana nesa da gida.

Da rukunoni suka yawaita, sai ya bar kasuwanci ya zama sakataren ƙungiyar na cikakken lokaci. Sauran kwanakinsa ya ba da su ga gina hafsoshi: littafin jagora, mujallar ƙungiya, wasiƙu, da tafiye-tafiye don ganin yadda ake aiki. Shi ne ya ƙarfafa Baden-Powell ya sake rubuta littafinsa na soja domin yara, daga nan ƙungiyar Sikawut ta samo tushe. A shekarar 1908 Birged ta iso Legas, daga baya ta bazu har ikkilisiyoyin Arewa. Sarki Edward na Bakwai ya ba shi lambar girma ta Sir a 1909.

Ciwo ya kama shi yana tsakiyar taron shugabannin ƙungiyar a Landan, ya huta a ranar 10 ga Mayu, 1914. Aka kai gawarsa Gilasgo, dubban yara suka jeru a bakin hanya don yi masa bankwana.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma hannun da bai ƙware ba yana iya karya shi. A wuri kamar Orozo, inda iyaye da yawa ke fita aiki cikin Abuja da asuba su dawo bayan duhu, hafsan Birged da malamin makarantar Lahadi da shugaban matasa sukan ji abin da yaro bai faɗa a gida ba. Ya kamata dattawa su bincika halin mutum kafin su ba shi yara, su kuma ware kuɗin aika shi horo a kasafin shekara, kamar yadda ake ware na rufin majami'a. Iyaye su ma su san wanda ke koyar da 'ya'yansu, su ziyarci wurin taro, su riƙa sa shi cikin addu'ar iyali. Allah ya ba ikkilisiyarsa ma'aikata masu aminci. Amin.