Zhang Leping: Mai zanen da ya sa Shanghai ta waiwayi yaran titi

An haifi Zhang Leping ranar 10 ga Nuwamba, 1910, a gundumar Haiyan ta lardin Zhejiang da ke gabashin ƙasar Sin. Mahaifinsa malamin makarantar firamare ne, mahaifiyarsa kuwa gwana ce wajen ɗinkin ado, kuma ta rasu yana ɗan shekara 9. Talauci ya sa aka kai shi koyon sana'a a wani shagon katako kusa da birnin Shanghai tun yana matashi. Daga baya ya riƙa zanen tallace-tallace don neman abin sakawa a bakin salati.

A shekarar 1935 ya ƙirƙiro Sanmao, wani yaro mai babban kai da silin gashi uku kacal, wanda shi ne ma'anar sunan. Da farko yaron ɗan ƙiriniya ne mai ba da dariya. Da yaƙi ya ɓarke tsakanin Sin da Japan a 1937, Zhang ya shiga ƙungiyar masu zanen barkwanci da ke zagaya garuruwa suna zaburar da jama'a su kare ƙasarsu. Bayan yaƙin, a 1946, jaridar Shen Bao ta buga labarin Sanmao a matsayin ƙaramin soja.

Wani abu da ya gani a farkon 1947 ne ya sauya alƙiblar aikinsa. Kamar yadda ya ba da labari daga baya, wani dare ana zubar dusar ƙanƙara ya wuce yara uku sun takure a gefen titi suna jin ɗumin wuta. Da gari ya waye ya tarar sanyi ya kashe biyu daga cikinsu. A watan Yunin shekarar, jaridar Ta Kung Pao ta fara buga labarin Sanmao maraya mai yawon gararamba: yana sayar da jarida, yana goge takalma, yana kwana a waje, 'yan sanda da masu hali suna korarsa.

Zanen kusan ba shi da rubutu, don haka har wanda bai iya karatu ba yana fahimtarsa. Masu karatu suka riƙa aika tufafi da kuɗi ofishin jaridar, kamar yaron mai rai ne. A 1949, Soong Ching-ling, matar marigayi Sun Yat-sen, ta jagoranci baje kolin zane-zanen don tara wa yara marasa galihu kuɗi, kuma a shekarar kamfanin Kunlun ya mayar da labarin fim.

Bayan kafuwar gwamnatin kwaminisanci, Sanmao ya koma ɗan makaranta mai tsafta da ƙoshi. Duk da haka, a zamanin Juyin Al'adu, daga 1966 zuwa 1976, an tsangwami Zhang, aka hana shi zane. Bayan ƙurar ta lafa ya sake ɗaukar alƙalami, har rashin lafiya ta ci ƙarfinsa.

Ya mutu a Shanghai ranar 27 ga Satumba, 1992, yana da shekara 81. A 2015, bikin littattafan zane na Angoulême da ke Faransa ya karrama fassarar labarin marayan, kuma a 2016 aka buɗe gidansa na Shanghai ga masu ziyara.