Anni Albers, Masaƙiyar da Ta Yi Koyi da Magina

Ina yaro a Vimtim, ƙasar Mubi, na ɗauka saƙa aikin mararsa ilmi ne, sai labarin Anni Albers ya gyara mini tunani.

An haife ta a Jamus cikin 1899. Ta shiga Bauhaus, makarantar magina da kafintoci, cikin 1922. Ba saƙa ta so ba, amma can aka fi tura mata. Sai ta ɗauki zaren tsaye kamar ginshiƙi, na kwance kamar azara, har ta saƙa wa wani zauren taro a Bernau tufar bango mai shanye amo, mai ƙara haske.

Mulkin Hitila ya sa ta ƙaura Amurka cikin 1933, ta yi ta koyarwa. Ta rasu cikin 1994.

Malaman gobe, kada mu raina aikin hannu.