Tarihin Marigayi Alhaji Musa Ɗanƙwairo Maradun

An haifi Alhaji Musa Ɗanƙwairo wajen shekarar 1909 a ƙasar Bakura, cikin Lardin Sakkwato na wancan zamani. Ubansa Usman Ɗankwanda makaɗi ne, manomi kuma, a hannunsa Musa ya koyi sana'o'in nan biyu. Tun yana yaro ƙarami ya shiga bin ubansa wajen kiɗan noma, yana yi masa amshi. Akwai wani baran ubansa, ana ce da shi Ƙwairo, mai zaƙin murya. Da mutane suka ji muryar yaron nan ta yi kama da tasa, sai suka riƙa ce masa Ɗanƙwairo, har laƙabin ya danne sunan yanka.

Gidansu ya zauna ƙarƙashin Sarkin Ƙayan Maradun, suna yi masa kiɗan kotso. Da Allah Ya yi wa Ɗankwanda rasuwa, shugabancin kiɗa ya faɗa hannun wansa Abdu Kurna, aka ba Musa Daudun kiɗi, watau mataimaki. A nan ne halinsa ya bayyana. Ga murya, ga fasaha, ga jama'a na sonsa, amma bai ɓalle ya kafa nasa taron ba. Ya zauna bayan wansa shekara da shekaru yana karɓa masa waƙa, har Kurna ya manyanta, ragama ta komo hannunsa cikin girma da arziki.

Sa'ad da Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, yake Firimiyan Jihar Arewa, Ɗanƙwairo ya zama makaɗinsa, sunansa ya game ƙasa. Bayan rasuwar Sardauna a 1966 ya ci gaba da yi wa sarakuna waƙa, kamar su Sarkin Daura Alhaji Muhammadu Bashar, da Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, da 'Yandoton Tsafe Aliyu, maƙwabcin mutanen Faskari da Ƙanƙara. Saboda haka har nan Sabuwa ba a rasa dattijon da zai ba ka labarin muryarsa.

Duk wanda ya saurari waƙoƙinsa da kunnen basira zai ji ba yabo kaɗai ke ciki ba. Yakan tuna wa sarki cewa mulki na Allah ne, Shi ke ba wanda Ya so. Yakan yi wa ubangidansa addu'a, ya hore shi da haƙuri da riƙon talakawa, ya kuma zuga manoma su riƙe fartanya. Ya je Makka ya sauke farali. Kamar yadda ubansa ya yi masa, haka ya jawo 'ya'yansa da danginsa cikin taronsa, su ne 'yan amshi, su ne makaɗa, abin da aka samu a ci tare.

Ya rasu ran 13 ga Satumba, 1991, 'ya'yansa suka ɗauki kotso suka ci gaba.

To, jama'ar ma'aikata, abin lura ke nan. Mutum ya iya aikinsa, amma ya yi biyayya ga na gaba da shi, ya jira lokacinsa, in ya samu kuma ya horar da na baya. Mai haƙuri shi kan dafa dutse. Allah Ya jiƙansa, Ya gafarta masa, amin.