Ibn Nafis, Likitan Da Ya Gano Hanyar Jini A Zuciya

Jama'a, a yau likita yana iya sa mutum cikin na'urar MRI, mai aiki da maganaɗisu da igiyar rediyo, ya ga zuciyarsa tana bugawa ba a tsaga ƙirji ba. To, shekara 700 kafin wannan na'ura an yi wani malami da ya bayyana yadda cikin zuciya yake, da ilmi da lura kaɗai.

Sunansa Ala'uddin Ibn Nafis. An haife shi wajen 1213 kusa da Dimashƙu a ƙasar Sham, ya koyi aikin likita a asibitin Nuri. A 1236 ya ƙaura zuwa Alƙahira, inda ya zama shugaban likitocin Masar. Malamin fiƙihu ne kuma a mazhabar Shafi'i.

A zamaninsa likitoci suna bin maganar Jalinusu, likitan Girka, cewa jini yana ratsa wasu ƙananan kafofi a bangon da ya raba zuciya biyu. Ibn Sina ma haka ya ɗauka. Amma a 1242, cikin sharhinsa na littafin Ibn Sina, Ibn Nafis ya musa. Ya nuna bangon ba shi da kafa. Jini yakan tashi daga ɓangaren dama ya tafi huhu, ya gauraya da iska, sa'an nan ya komo ɓangaren hagu. Ya kuma ce zuciya tana samun abincinta ta jijiyoyin jikinta, watau waɗanda toshewarsu ke kayar da mutum farat ɗaya.

Ya rasu a 1288, ya bar gidansa da littattafansa waƙafi ga asibitin Mansuri. Aka manta da bayaninsa har 1924, lokacin da wani likita Bamisire, Muhyiddin Tatawi, ya tono rubutun a Balin ta Jamus.

Hoton MRI ya gaskata shi: bangon lafiyayyar zuciya a rufe yake. In an ga huda, ciwo ne, galibi da shi ake haihuwar yaro, kuma ana gyara shi. Saboda haka ɗan'uwa, ko kana Agege ko Sabon Ibadan, iyali suna Laranto a Jos, aika musu: jaririn da ke haki wajen shan mama, ko leɓensa na yin shuɗi, ko ba ya girma, a kai shi asibiti tun da wuri.