Dorugu: Yaron Dambanas Da Ya Ga Landan Ya Komo

Mu da neman abinci ya kai birane, idan hutun Sallah ya zo mukan hau mota mu iso gida kafin rana ta faɗi. Wannan ne ya sa muka ga ya dace a fitowar bana mu tuna da wani Bahaushe wanda komawa gida ta ci masa shekaru masu yawa, wato Dorugu.

An haife shi wajen shekarar 1840 a Dambanas, kusa da Kance a ƙasar Damagaram. Yana yaro aka kama shi bawa, aka yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu har ya faɗa Kukawa, babban birnin Barno a lokacin. A can ne wani Bajamushe mai yawon bincike, Adolf Overweg, ya 'yanta shi tare da wani saurayi Bamargi mai suna Abbega. Da Overweg ya rasu a 1852, sai suka koma hidimar abokin tafiyarsa Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da Abdulkarim. Da shi suka je Sakkwato da Tambutu, suka ƙetare Sahara, a 1855 suka sauka Ingila.

Barth ya yi niyyar mayar da su gida ba da jimawa ba, har ya shirya musu tafiya. Amma wani malamin mishan, J. F. Schön, wanda ya daɗe yana ƙoƙarin rubuta Hausa ba tare da ya sami mai koya masa ita sosai ba, ya riƙe su a wurinsa, abin da ya jawo saɓani tsakanin Turawan biyu. Abbega ya komo a 1857, daga baya ya zama sarkin Lakwaja. Shi kuwa Dorugu sai da ya kai 1864.

A waɗannan shekaru ne ya yi aikin da ya sa har yau ake ambatonsa. Ya zauna da Schön yana ba shi tatsuniyoyi da karin magana da labarin rayuwarsa: yadda aka raba shi da iyayensa, wahalar hamada, da abin da ya gani na cin abinci da zaman Turawa, wanda ya bayyana da ido irin na baƙo mai lura, wani wurin har da ban dariya. Daga bakinsa aka sami da yawa daga abin da ya shiga littafin nahawun Hausa na 1862 da kuma Magana Hausa na 1885. Sunan Schön ne a bango, amma a ganinmu Hausar ta yaron Dambanas ce, kuma abin mamaki ne yadda ya riƙe harshen uwarsa garau bayan ya bar gida tun yana ƙarami.

Da ya komo, ya yi aikin tafinta ga Turawa, domin ya iya Ingilishi, ya kuma iya rubutun boko tun ba a san shi ba a ƙasar Hausa. Ƙarshen rayuwarsa a Kano ya yi shi, a Nasarawa, inda ya taimaka wajen koyarwa a makarantar da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a 1909. A nan ya rasu a 1912, yana da shekaru saba'in da 'yan kai. Cikin kayan da ya bari an tarar da tabarau masu yawa da tufafin Turai da ya adana.